Zomon katako: katakon ne bai yi ba, ko kafintan?

Maman Ilham (Unguwar Rimi): Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sana'ar katako ku ba ni shawara. Wata kwastomata mai makarantar ƙananan yara a Barnawa ta turo min hoton ɗan zomo na katako, irin wanda Turawa ke jerawa a kan tebur da bakin taga idan sanyinsu ya wuce furanni suka fara fitowa. Guda 30 take so, kowane tsawonsa santimita 15, a tsaye kan ɗan gindi, da ƙyalle a wuya. Kafintan da ke yi min firem ya yi samfur biyu. Na farko kunne ɗaya ya ɓalle tun yana gogewa. Na biyu ya iso hannuna lafiya, ya faɗo daga kan kujera kawai, kunnuwan biyu suka tafi. Yanzu ya ce wai katakonmu na nan ba ya irin wannan aikin, sai dai a yi da roba. Gaskiya ne? Sati uku ya rage min.

Oga Sani (Panteka): Wa alaikumus salam Hajiya. Turo hoton inda ya karye, ki matso da wayar sosai.

Maman Ilham: Ga shi nan. Ka ga karayar a miƙe take kamar an sa wuƙa.

Oga Sani: Na gani. Katakon ba shi da laifi, kwanciyar da aka yi wa zanen ce. Kowane falanki yana da jijiya da ke bin tsawonsa. Mutuminki ya kwantar da zomon ta yadda jijiyar ta gitta kunnen, maimakon ta bi shi daga tushe zuwa sama. Ɗauki rake ki gwada: ki yanko shi a gicciye siriri, da yatsa biyu za ki ɓalle shi, amma ki tsago shi a tsaye sai dai ya lanƙwasa. Na san dalilin da ya sa ya yi haka, idan aka kwantar da zanen a gicciye an fi samun guda da yawa a falanki ɗaya. Tsumulmular katako ce ta ja masa.

Yakubu (Kawo): Kai jama'a, zomo kuma na katako? Hajiya ki zo Kawo in ba ki masu rai guda 30, har da ganyen latas na kwana biyu kyauta.

Maman Ilham: Yakubu rufa min asiri, masu rai su shiga ajin yara 'yan shekara uku?

Oga Sani: Bari in ƙarasa. Abu na biyu, tsakanin kunnuwan nan ya yanke shi da tsini kamar bakin almakashi. Duk tsagewa daga irin wannan lungun take farawa. Kafin ya sa zarto, ya fara huda wurin da dirila, rami mai faɗin fensir, sannan ya yanko layukan biyu su sauka cikin ramin. Sai lungun ya zama zagaye. Na uku, kaurin falankin kada ya gaza santimita biyu bayan an goge, tushen kunnen kuma kada faɗinsa ya gaza santimita ɗaya da rabi. Siririn kunne ya fi kyau a hoto, amma ba hoto za a miƙa wa yaro ba.

Hadiza (Malali): Ni tambayata, me ya hana a yi da MDF? Ba shi da wata jijiya, kuma fenti yana kwanciya a kansa lumui.

Oga Sani: Anti Hadiza, MDF garin katako ne da gam. Gefensa yana shan ruwa, kuma yaro sai ya kai abu baki. Damina na sauka zai kumbura ya yi burtsatse. Ƙurarsa ma ba ta da kyau ga ƙirjin mai yankawa. In dai ba za a yi da katako na gaske ba, gara filawud mai kauri, domin shi an jera shi hawa-hawa ne, kowane hawa jijiyarsa ta gitta ta na ƙasa, kunne ba zai ɓalle ba ko ta ina aka kwantar da shi. Illarsa gefen yana nuna layi-layi, kuma mai arahar yana da ramuka a ciki da ba ka gani sai zarto ya iso wurin.

Baba Ɗanlami (Rigasa): Salamu alaikum. Jikana ne yake rubuta min. Ni masassaƙi ne, turmi da akushi da allo na gada. Yaron nan da ya ce itacen ƙasarmu ba ya ƙaramin aiki, a tambaye shi ko ya taɓa riƙe ludayin itace ko mataji na da. 'Yata, ki sa a samo miki malaina wadda ta bushe. Fara ce, ba ta da nauyi, ba ta yi wa wuƙa gardama, kuma in ta bushe ba ta murɗewa. In kina son ja, maɗaci. Amma maɗaci jijiyarsa tana sarƙewa, sai mai haƙuri. Kada a kawo miki ƙirya, wannan ta turmi ce, za ta cinye bakin zarton yaron a banza.

Maman Ilham: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Yaya zan gane wadda ta bushe? Ni duk falanki ɗaya ne a idona.

Baba Ɗanlami: Ki ɗaga biyu masu girma ɗaya, ki ɗauki mara nauyin. Ki ƙwanƙwasa da bayan yatsa, busasshe yana amsawa ƙwal-ƙwal, ɗanye kuma dum. Ki sa kuncinki a jiki, in kin ji sanyi akwai ruwa a ciki. Malaina tana da wannan halin, waje ya bushe ciki da lema, don haka a yanke bakin falankin a duba tsakiya. Kuma ki gode wa Allah da lokacin da aikin ya zo, abin da ya sha hunturu ya shiga bazara shi ne busasshen gaske. Wanda aka saya a watan takwas ba a yin irin wannan da shi.

Malam Auwal (Tudun Wada): Ku gafarce ni, ban so in katse muku ba, amma shiru a nan bai kamace ni ba. Ana ta maganar jijiya da kauri, ba wanda ya tambaya ko aikin ya halatta. Siffar abu mai rai ce fa za a sassaƙa. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim, wani mutum ya zo wa Ibnu Abbas ya ce da sana'ar yin surori yake ci, Ibnu Abbas ya gaya masa gargaɗin da ya ji daga Manzon Allah (SAW), mutumin ya razana, sai ya ce masa in dole ne sai ka yi, to ka yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Hajiya, ki ba ta shawara a yi fure ko bishiya. Sannan abu na biyu, ba na Ista ba ne wannan zomon?

Maman Ilham: Allah ya gafarta Malam, wallahi abin ya zo min a rai. Ita dai ce min ta yi na adon aji ne, kuma ƙarshen zango kowane yaro ya tafi da nasa.

Yakubu: To fa. An zo wurin.

Hajiya Binta (mai kula da zaure): A yi a hankali don Allah. Akwai Musulmi akwai Kirista a gidan nan, kowa ya faɗi abin da ya sani ba tare da gugar zana ba.

Rifkatu (Sabon Tasha): Malam Auwal, bari in amsa maka ɓangaren da ya shafe mu. A ECWA aka haife ni, a nan na yi aure, ban taɓa ganin zomo a coci ba. Babu shi a labarin Ista cikin Littafi Mai Tsarki. Istarmu sujada ce ranar Juma'a da Lahadi, Litinin a fita da abinci da yara, a wasu majami'u su ce an tafi Galili. Kakata a ƙauye in ka ce mata zomon Ista, tambayarka za ta yi ko da yaji za a gasa shi. A manyan kantuna da makarantun kuɗi na fara ganinsa, irin na cakulan. Akwai fastocinmu da su ma ba sa son sa, suna cewa yana janye hankalin yara daga ainihin abin da ake tunawa.

Malam Auwal: Na gode Anti Rifkatu, wannan ƙarin ilimi ne a wurina. Amma matsalar farko tana nan daram.

Bashir (ɗalibi a Jamus): Ina biye da ku daga nan. Abin da Anti Rifkatu ta faɗa haka yake, al'adar Jamusawa ce. Wani likita, Georg Franck von Franckenau, ya ambace ta a rubuce a 1682, cewa ana gaya wa yara zomo ne ke ɓoye ƙwai a lambu su je su nemo. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18 su suka kai ta Amurka, daga can 'yan kasuwa suka yaɗa ta duniya. Kuma asali zomon daji ne, shi ya sa kunnuwan suke da tsawo haka. Dalilin da ya sa aka haɗa shi da lokacin kuwa, a nan wajen 20 ga Maris ake cewa sanyi ya ƙare, kuma a lokacin ne ake ganin zomayen suna guje-guje a gonaki suna barbara. Ista kanta tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu, sai abubuwan biyu suka cakuɗe. Maƙwabciyata ba ta zuwa coci ko sau ɗaya a shekara, amma tagarta cike take da su.

Yakubu: Wato lokacin da mu muke neman inuwar mangwaro muna fifita da kwali, su a lokacin suke murnar fitowar rana.

Bashir: Sosai. Wata huɗu kana fita cikin duhu kana dawowa cikin duhu, ranar da ka ga fure a bakin titi sai ka ji kamar an yi maka albishir. Oga Sani, akwai abin da zai burge ka. A wani ƙauye da ake kira Seiffen, a tsaunukan kan iyakar Jamus da Cek, mutanen da masu haƙar kuza ne, da kuzar ta ja baya suka koma sassaƙa kayan wasa. Tun wajen 1800 suke da wata dabara: a ɗora guntun icce ɗanye a injin juyi, a fitar da zobe babba kamar taya, ana sassaƙa shi ciki da waje. In ka kalle shi zobe ne kawai. Sai an tsaga shi yanka-yanka, kowane yanki ya fito da siffar dabbar, doki ko tunkiya ko zomo. Zobe ɗaya ya ba da gommai. Mai juyin ba ya ganin siffar sai an tsaga, a kansa take.

Oga Sani: Kai! Wannan aiki ne. Kuma ka lura, tunda tsagawa suke yi, jijiyar tana bin tsayuwar dabbar ke nan, ƙafa da kunne ba za su karye ba. Masu juya ƙafar gado da ke layinmu za su iya koyo in sun ga bidiyo. Turo min in kana da shi.

Malama Rukayya (Badarawa): Assalamu alaikum. Malam Auwal ya kawo hadisi ingantacce, ba mai ja da shi. Amma a cika bayanin saboda Maman Ilham ta san inda take tsaye. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Nana A'isha (RA) tana wasa da 'yan tsana a gidan Manzon Allah (SAW) tare da ƙawayenta. A Abu Dawud akwai labarin dokinta mai fukafukai biyu, ya gani ya yi dariya. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz kuma ta ce suna yi wa yara abin wasa na ulu ranar Ashura don su shagala su kai azumi. Daga nan malamai da yawa suka keɓe kayan wasan yara. Malikiyya kuma, da ita muka tashi a nan, sun sa sharuɗɗa kafin a ce haramun: siffar mai rai ce, tana da jiki mai inuwa, kuma gaɓoɓinta sun cika. In an rage abin da dabbar ba za ta rayu ba sai da shi, hukuncin ya sauka daga haramci.

Malam Auwal: Malama, Allah ya saka. Amma ki duba da kyau, ita kwastomar ba ta ce abin wasa ba, ado ta ce, a jera a taga. Abin wasa yaro yana ja a ƙasa, yana jifa, ba a girmama shi. Na ado kuwa ɗaga shi ake yi a ajiye sama. Kuma falanki mai kaurin santimita biyu da ke tsaye da gindinsa, inuwa gare shi.

Malama Rukayya: Wannan gaskiya ne, kuma nan ne ainihin wurin saɓanin. Ni abin da na gani a hoton, zomo ne a zaune ta gefe, ba ido, ba baki, ba ƙafafu a rarrabe, zagayen jiki ne da kunne. Akwai malaman da za su ce wannan bai cika sura ba, akwai waɗanda za su ce tunda akwai kai kuma kowa ya gani ya san zomo ne, to a bari. Ba zan yanke mata a waya ba. Ta ɗauki samfurin a hannu ta kai wa malamin da take karatu a wurinsa.

Malam Auwal: A kan wannan mun haɗu. Ni dai da ni ne ba zan karɓa ba, kuma ba zan fasa faɗa ba.

Nura (Kakuri): Ni wani abu ne ke damuna daban. Me ya sa kullum sai abin da aka gani a shafin hotuna na Pinterest? Makaranta a Kaduna, yara 'yan Kaduna, a watan da ko ciyawa ɗaya babu a fili, ana musu adon fitowar furannin Turai. In ana son a nuna musu sauyin yanayi, a jira ruwan farko a sassaƙa musu shamuwa. Ita ce ke gaya wa Bahaushe damina ta ƙarato.

Hadiza: Nura, zomo ai ba baƙonmu ba ne. Wa ya girma bai ji tatsuniyar wayon zomo ba? Kuma "zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara", Bajamushe ne ya yi mana ita?

Nura: Zomon namu ne, lokacin ne ba namu ba. Kuma ba don tatsuniya matar nan ta yi oda ba, don iyayen yara su ga makarantar ta yi kama da ta waje ne su biya kuɗin zango ba gardama.

Rifkatu: Wannan kam ka taɓo gaskiya, har na yi dariya.

Maman Ilham: Yaya Nura, ni 'yar kasuwa ce. In ka kawo odar shamuwa 30 gobe, da gudu zan karɓa.

Oga Sani: Shamuwa kuma? Wannan ƙafar tata mai kama da tsinke, sai dai a sa waya. A bar ni da kunnen zomo.

Baba Ɗanlami: Ni ban shiga maganar malamai ba, abin da suka ce shi ne. Ubana bai taɓa sassaƙa abu mai rai ba, ni ma haka, sai dai 'yar tsana ta kara da muke yi wa ƙannenmu. Amma in za a yi, ga abin da zan ƙara. Kada a sa ido na roba ko ɗan dutsen ado da gam, yaro zai ɓanɓare ya haɗiye. In ana son alama a jiki, a yi yadda masu zanen ƙwarya suke yi, a sa ƙusa a wuta ta yi ja a ɗan taɓa. Ba ya gogewa har abada.

Maman Ilham: To maganar gugar fa da fenti? Samfurin da ya kawo gefensa kaushi, har ya kama min gyale.

Oga Sani: Wannan gaggawa ce. Sanfefa hawa uku ake bi: lamba 80 ta cinye sawun zarto, 120 ta daidaita, 220 ta yi laushi. A bi jijiya, kada a gitta, in ba haka ba fenti na hawa duk ƙarcen zai fito. Gefuna a kashe musu kaifi, musamman bakin kunne. Tsakanin kunnuwan yatsa ba ya shiga, sai a naɗe sanfefar a jikin fensir. Bayan 220 a shafa tsumma mai ɗan danshi, a bari ya bushe, za ki ji gashin katakon ya tashi, a sake bi da 220 sama-sama. Wanda ya tsallake wannan, fentin ruwa na taɓawa zai yi kaushi kamar ba a goge ba. Gindin kuma kada ya buga ƙusa daga ƙasa, zai tsaga zomon. Ya huda rami a gindin da cikin zomon, ya sa ɗan turken katako da gam ɗin Top Bond, ya ɗaure ya kwana.

Dakta Maryam (Unguwar Sarki): Ƙari a kan fenti, tunda yara ne ƙanana. A guji fentin mai na gwangwani wanda ba a san asalinsa ba, musamman rawaya da ja, domin a irinsu aka fi samun dalma. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma babu wani adadi da ake cewa ba ya cutarwa. Mu a Arewa mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, duk da can daga haƙar zinare ne. A nemi fentin ruwa na akrilik da aka rubuta na yara ne. Kuma kada a kwaso tsohon katakon ƙofa ko taga mai tsohon fenti a ce za a kankare.

Nura: In araha ake nema, akwai falankin falet, wanda ake ɗora kaya a kai, a nan wajenmu, fari ne mai laushi.

Bashir: A duba tambarin da ke jikinsa tukuna. In an buga HT, da zafi aka gasa shi, ba matsala. In MB ne, hayaƙin maganin ƙwari aka yi masa, a bar shi. Wanda ba tambari kuma ko yake da tabon mai, ba ka san me aka ɗora a kansa ba.

Baba Ɗanlami: Ni da za a ji tawa, a bar fentin gaba ɗaya. A narka kakin zuma da man kaɗanya a gwangwani kan garwashi, kaki kashi ɗaya, mai kashi uku, a bari ya huce ya yi kauri. A shafa da tsumma, a ba shi dare ɗaya, da safe a murje da busasshen ƙyalle. Malaina za ta yi kalar zuma, maɗaci ya ƙara ja. Ko yaro ya lasa ba abin da zai same shi.

Hadiza: Baba ya gama magana. Sai ƙyallen wuyan ya zama shi ne kalar. Maman Ilham, je wurin telanki ki kwaso ragowar atamfa, kowane zomo da irin tasa, yara ba za su yi rigimar wannan nawa ne ba. Bindin kuma a yi ɗan curin zaren saƙa fari.

Dakta Maryam: Bindin a ɗinke shi ta cikin rami, kada a liƙa. Ƙyallen ma a ɗaure gajere.

Maman Ilham: Sannunku da ƙoƙari, bari in ba ku labarin inda aka kwana. Na kai wa malaminmu samfurin jiya bayan la'asar. Ya juya shi a hannu, ya ce tunda na yara ne kuma ba fuska, shi bai ga haramci ba, amma barinsa ya fi in zuciyata ba ta kwanta ba, kuma kada in ƙara masa ido. Na kira Madam na gaya mata ba ido, ba fenti, ta ce ita ma hakan ya fi mata. Kafintan kuma da na karanta masa saƙon Oga Sani sai ya ce ai dama ya sani.

Oga Sani: Ai kullum mun sani, bayan an faɗa.

Malam Auwal: Tunda kin tambayi malaminki, na sauke nawa. Ra'ayina dai bai canza ba. In akwai ragowar malainar, ina son a yanka min bishiyar dabino guda biyar masu tsayuwa irin wannan, na ɗakin karatun yara.

Oga Sani: Malam, ganyen dabino ya fi kunnen zomo wuya, kowane reshe da inda ya nufa, dole wani ya gitta jijiya. Wannan sai filawud. Ko ka bari a yi maka bishiyar kuka, ita ko ta ina ƙatuwa ce.

Yakubu: Hajiya nawa za ki sa wa guda? Ina tambaya ne don in san ko na katako ya fi mai rai tsada, in canza sana'a.

Maman Ilham: Nan ma ina neman shawara. Shi kafintan lissafin katako kawai yake yi, wai ai ƙaramin abu ne.

Oga Sani: Nan muke cutar kanmu. Katakon guda 30 bai fi falanki biyu ba in an jera zanen da kyau, kan wannan ya shiga tsakanin kunnen wancan. Kuɗin yana cikin hannu ne. Yankan guda ɗaya da jigso, zarton lantarki, minti kaɗan ne, amma guga da huda da haɗa gindi da shafa kaki sai su ci awa guda a kan kowane. In babu wuta kuma a koma zarton hannu, ko a sayi man janareta. Ki sa ya yi guda uku a gabanki ki duba agogo, sannan ku yi ciniki a kan awa, ba a kan falanki ba. Kuma ya fara yanka zanen a kwali mai tauri ko siririn filawud, da shi zai riƙa zagayawa da fensir, in ba haka ba na farko da na talatin ba za su yi kama ba.

Rifkatu: Ki ƙara biyar a kan odar. A cikin 30 sai an samu mai kulli a daidai kunne, ko iyayen da za su ce a sayar musu na ƙanin yaron.

Hadiza: Kuma kada ki zuba su a leda ɗaya ki hau Keke da su zuwa Barnawa. A naɗe kowane a jarida, a kwantar a kwali, kai da ƙafa.

Baba Ɗanlami: Jarida tana barin baƙi a jikin kaki in an yi zafi. A sa takardar buhun siminti ta ciki wadda ba rubutu, ko tsohon zani mai tsabta. Kuma kada a bar kwalin a bayan mota cikin ranar nan, kakin zai narke ya bi ƙyallen.

Bashir: Oga Sani, na tura maka bidiyon ta akwatinka. Duba daga minti na huɗu, inda yake tsaga zoben da wuƙa da guduma.

Oga Sani: Na gani. Wane itace ne wannan da yake yankuwa haka?

Bashir: Dangin fain ne, kuma a jiƙe suke juya shi.

Oga Sani: To ɗanyar malaina za mu gwada. Baba Ɗanlami, in na kawo guntu Rigasa ranar Asabar za ka duba min?

Baba Ɗanlami: Ka zo bayan azahar. Ka taho da wanda ba shi da kulli, kuma faɗinsa ya kai taƙi biyu.